Hoton faifai ko kwafin fayiloli: wanne zai fisshe ni ranar da kwamfuta ta mutu?

MaiZane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon da ya wuce faifan kwamfutata ya mutu. Na kunna da safe, sai baƙin allo da rubutu layi ɗaya, wai ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Alhamdu lillahi ayyukana na zane ba su salwanta ba, don duk ƙarshen mako ina kwafe su a wani faifai na waje. Abin da ya ci min rai shi ne sauran. Kwana uku na yi ina sa Windows, ina jiran sabuntawa, ina neman direban firinta (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi) da na allon zane, ga salon haruffan da na shekara huɗu ina tarawa, ga saitin launi, ga lasisin manhaja biyu da na rasa inda na ajiye lambarsu. Har yau akwai abin da bai koma yadda yake ba. Wanda ya sa min sabon faifan ya ce da na ɗauki hoton faifai, da cikin awa ɗaya komai ya dawo. Gaskiya ne? Da wace manhaja ake yi? Kuma in ina da hoton, in daina kwafe fayiloli ke nan?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam Malama, sannu da wahala. Gaskiya ya faɗa miki. Kwafin da kike yi yana ɗaukar abin da idonki ke gani ne kawai. Shi kuwa hoton faifai yana ɗaukar faifan dungurungum: Windows ɗin kanta, manhajoji, direbobi, saituna, har da ƙananan fatishan ɗin (sassan da aka raba faifan) da ba sa bayyana miki, irin na EFI wanda da shi kwamfuta ke tashi, da na gyara. Sai manhajar ta dunƙule su a fayil ɗaya ko folda ɗaya, ki ajiye a faifan waje. Ranar da faifai ya mutu, a sa sabo, a tayar da kwamfutar da fulash ɗin ceto, wato fulash mai ɗauke da manhajar juye hoton, a juye hoton. In ta tashi za ki same ta yadda take ranar da aka ɗauki hoton, har inda kika jera gumakan kan allo. Amma tambayarki ta ƙarshe, a'a. Kada ki daina kwafe fayiloli. Hoton watan jiya bai san aikin da kika yi jiya ba.

Sabon_Shiga:
Ni fa ban gane ba. Ba shi ne kilonin ba?

Tsohon_Hannu:
'Yan uwan juna ne. A kilonin, faifai guda ake kwafewa kai tsaye kan wani faifan, na biyun ya zama tagwayen na farko, kuma duk abin da ke kansa a da ya tafi. Hoto kuwa fayil ne, kana iya tara biyar ko goma a faifai ɗaya, kowanne da ranarsa. Kilonin na ranar sauya faifai ne, hoto na ajiya ne.

MaiLinux:
Malama, Clonezilla. Kyauta ce, buɗaɗɗiya ce, wata cibiyar bincike ta gwamnatin Taiwan ce ta samar da ita, kuma an daɗe ana aiki da ita. Ki sa ta a fulash ki tayar da kwamfuta daga can. Wuraren da ke da bayanai kawai take kwafewa, ba ta ɓata lokaci a kan fili, sannan ta matse. Ba ruwanta da Windows ne a kai ko Linux.

Uwar_Lissafi:
@MaiLinux don Allah ku riƙa duba wanda kuke ba shawara. Ta ce zane take yi. Na taɓa buɗe Clonezilla, shuɗin allo da rubutu zalla, ana tambayata wane faifai, sda ko sdb. Gabana ya faɗi na kashe. Wanda bai saba ba, wannan tambayar kaɗai ta isa ta sa shi goge abin da ya zo ya ceta.

MaiLinux:
Kin yi gaskiya Hajiya, na karɓi gyara. To akwai Rescuezilla, ita da linzami ake danna ta, tana nuna sunan faifai da girmansa ƙarara, kuma tana karanta hotunan da Clonezilla ta ɗauka. Sai dai in faɗi aibin duka biyun tun kafin wani ya riga ni: dole ki rufe aiki ki tayar daga fulash duk lokacin da za ki ɗauka, kuma Clonezilla ba ta san ɗaukar abin da ya canja kawai ba. Kullum cikakke ne daga farko.

Tsohon_Hannu:
Wannan aibin ba ƙarami ba ne, domin abin da ke buƙatar a tashi a yi shi da hannu, bayan wata biyu an daina. Shi ya sa ga mai Windows na fi son waɗanda ke aiki daga ciki. Windows na da wani tsari da ake kira VSS, yana daskarar da yanayin faifan na ɗan lokaci, manhajar ta kwafi wannan daskararren ke kuma kina ci gaba da aikinki. Macrium Reflect da Acronis True Image da Veeam Agent duk ta nan suke bi, kuma ana sa musu lokaci su riƙa yi da kansu. Macrium sun janye ta kyauta ɗin, tun farkon 2024 ba ta samun sabuntawa. Veeam na da ta kyauta ga kwamfuta ɗaya.

Mai_Gilashi:
Kun tuna min da Norton Ghost. Mu da muka fara da ita, ɗaki guda na kwamfutoci muke gyarawa da hoto ɗaya: a shirya guda ta yi tsaf, a ɗauka, a juye wa sauran. A lokacin abin kamar sihiri. A 2013 aka daina sayar da ita, amma har yau tsofaffin masu gyara in za su yi wannan aikin cewa suke za su yi gos, wato Ghost.

Sabon_Shiga:
Ba akwai wata a cikin Windows ɗin ba? Na ga wani wuri da aka rubuta Windows 7 alhali 11 nake amfani da ita.

Mai_Gilashi:
Tana nan, tana kuma aiki. Takan ƙirƙiri folda mai suna WindowsImageBackup. Amma tun 2017 Microsoft suka sa ta cikin jerin abubuwan da suka daina bunƙasawa, suka ba da shawarar a nemi ta wasu. Da babu gara ba daɗi, sai dai ni ba zan ɗora dukan dogarona a kanta ba.

Share_Fage:
Ni ina da ja a kan maganar nan gaba ɗaya. Hoto yana dawo da komai, to komai ɗin ya haɗa da shara. Manhajojin da kika sa kika manta, ragowar waɗanda kika cire, nauyin da ya taru shekara huɗu, duk za su dawo. In ma akwai ƙwayar cuta a ciki ranar da aka ɗauka, ita ma ta samu ajiya. Malama, kwana ukun da kika sha wahala, ai kin samu kwamfuta mai tsabta. Ni fayilolina suna kan gajimare, wato ma'ajiyar intanet, lasisina a rubuce, in abu ya lalace fomat nake yi in fara sabo.

MaiZane:
@Share_Fage na ji hujjarka, kuma gaskiya ta fi sauri yanzu. Amma a kwana ukun nan akwai aikin mutane biyu da na kasa miƙawa a kan lokaci, ɗaya ya janye. Ba tsabta nake nema ranar ba, so nake in zauna in ci gaba daga inda na tsaya.

Uwar_Lissafi:
Kuma maganar gajimare a yi hattara. Abin da yawancinmu ke yi daidaitawa ce, ba ajiya ba. In ka goge fayil a nan ya goge a can, in ya lalace a nan lalataccen ne zai hau. Akwai kwandon shara da tsofaffin kwafi, amma na ɗan lokaci ne. Na taɓa share wata folda ta lissafin shekarar baya ban sani ba, ban lura ba sai bayan wata huɗu da aka nemi wata takarda. Ba ta nan, ba ta can. Abin da ya cece ni wani tsohon hoton faifai ne da ƙanena ya ɗaukar min. Ya buɗe shi kamar faifai na daban, ya shiga ya ciro foldar kaɗai, bai taɓa sauran kwamfutar ba. Da na ga takardun sun buɗe, sai da na yi hawaye.

Sabon_Shiga:
Au, ana iya ciro fayil ɗaya? Na zaci sai an juye duka.

Tsohon_Hannu:
Ana iyawa a yawancinsu. Macrium da Acronis da Veeam duk suna bari ka leƙa cikin hoto. Na Windows ma fayil ɗin VHDX ne, ana maƙala shi a Disk Management ya fito da harafinsa. A Clonezilla ne abin ke da wuya. Kuma @Share_Fage, akwai hanyar da za ta haɗa ra'ayinka da namu, ga shi Malama tana daidai wurin yanzu. Kwamfutarta sabuwa ce fes, ta gama sa komai. Yau ne ranar ɗaukar hoto. Ta sa masa suna, ta ajiye shi daban, kada a taɓa goge shi. Duk ranar da take son tsabta, ga ta nan cikin minti arba'in maimakon kwana uku.

Share_Fage:
Wannan kam na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa tara hoton datti duk mako. Kuma bayan shekara biyu wannan mai tsabtar ya tsufa, sai an yi yini ana sabuntawa.

Jiki_Magayi:
Duk kuna maganar ɗauka, ba wanda ya yi maganar juyewa, alhali can ne ake kuka. Bari in ba ku nawa. Shekara biyu ina ɗaukar hoto duk mako, manhajar tana nuna min koren alama cewa an gama lafiya. Ranar da faifan ya tsaya ban ko damu ba. Sai na tuna ban taɓa haɗa fulash ɗin ceto ba. Na ari kwamfuta na haɗa. Na tayar, manhajar ta buɗe, ta ga faifan waje, ta ga hotunan a jere da ranakunsu, amma sabon faifan da zan juye a kai babu shi a jerin kwata-kwata. Na cire na mayar, na sake tayarwa, shiru. Har ƙarfe biyun dare ina zaune gaban allo, ga kayana ina kallo, ba inda zan sauke su. Washegari na gano dalili: laftof ɗina na cikin waɗanda faifansu na ciki, irin NVMe, ke bi ta wani tsari mai suna Intel VMD da ke buƙatar direbansa, kuma fulash ɗin da na haɗa a wata kwamfutar ba shi da wannan direban. Da a kan tawa na haɗa shi tun tana lafiya, da ya kwashi direbobinta. Malama, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki haɗa fulash yau, ki tayar da shi yau, ki tabbata yana ganin faifan ciki da na waje, kuma linzami da allon rubutu suna aiki a cikinsa.

MaiLinux:
Wannan ita ce magana mafi amfani da aka yi tun da aka fara. In ƙara da guda: girma. Mutum ya ɗauki hoton faifai mai gigabait 512, ya sayo mai 500, yana ganin ai ɗaya ne, kuma bayanan ciki ko 200 ba su kai ba. Clonezilla za ta ƙi, don ƙa'idarta wurin saukewa ya kai na asali ko ya fi shi. Ana iya rage fatishan ɗin kafin a ɗauka, amma wanda faifansa ya riga ya mutu wannan damar ta wuce shi. Waɗanda ke aiki daga cikin Windows sukan iya ragewa lokacin juyewa.

Kallo_Kawai:
Ina biye da ku. Nawa faifan yana wani ƙara ƙas-ƙas, wani lokacin kuma fayil ya ƙi buɗewa. In ɗauki hoton yanzu?

MaiLinux:
Ɗan'uwa kashe ta tukuna. Duk mintin da take kunne yana rage maka dama. Manhajojin da muke lissafawa na faifai mai lafiya ne, in suka ci karo da sekta mara kyau, wato gurbin faifan da ya lalace, sukan tsaya ko su yi ta nanatawa, nanatawar kuma tana ƙara kashe shi. Na wannan aikin shi ne ddrescue: yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ya tsallake masu ciwo, sai daga baya ya koma musu, kuma yana rubuta inda ya tsaya don a ci gaba. Amma in ƙarar ƙarfe ce kake ji kuma abin da ke ciki ba shi da madadi, kada ka gwada komai, kai wa masu ceto bayanai. Kuma kada ka kusanci dd, umarnin kwafe faifai na Linux, in ba ka san shi ba. Ka juya if (inda za a kwafo) da of (inda za a sauke) sau ɗaya, fankon faifai zai hau kan mai kayan, ba kuwa zai tambaye ka ko ka tabbata ba.

Kallo_Kawai:
Na kashe. Na gode.

Mai_Gilashi:
In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya sauke CrystalDiskInfo ya duba lafiyar nasa. In ta nuna rawaya, faifan ya fara sallama.

MaiZane:
Mu koma kaina don Allah, kaina ya fara ɗaukar zafi. A ce na zaɓi wadda ke aiki daga cikin Windows. Sau nawa zan ɗauka, kuma wane girman faifai zan nema? Na ga ana tambayar cikakke ko na ƙari ko na bambanci.

Tsohon_Hannu:
Cikakke shi ne komai. Na bambanci yana ɗaukar duk abin da ya canja tun cikakken ƙarshe, don haka wajen juyewa biyu kawai kike buƙata, cikakken da shi. Na ƙari yana ɗaukar abin da ya canja tun hoton da ya gabace shi, ya fi ƙanƙanta da sauri, amma sarƙa ce: zobe ɗaya ya lalace, duk na bayansa sun tashi aiki. Ni abin da nake yi, cikakke sau ɗaya a wata, na bambanci duk mako, fayilolin aiki kuma kullum ta wata hanya daban. Ina kuma ɗaukar na musamman kafin duk wani babban canji. Da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa sun hau 11 suna dogara da cewa ana iya komawa, ba su san kwana 10 kawai aka ba su ba. Mai hoto ba ruwansa da wannan wa'adin. Girma kuwa, ki duba abin da kika cika a faifan, ki nemi wanda ya ninka shi uku. Ki kuma soka shi a ramin USB 3, galibi mai shuɗin ciki. A tsohon ramin USB 2, gigabait 150 zai ci sama da awa ɗaya.

Uwar_Lissafi:
Kuma in an gama a zare shi. Muguwar manhajar da ke garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa in ta shiga, duk faifan da ta tarar a haɗe sai ta kulle shi, har da hotunan.

Jiki_Magayi:
To ga cin karo: Malam Tsohon_Hannu ya ce a bar ta ta riƙa yi da kanta, Hajiya ta ce a zare. Faifan da aka zare ba ya yin komai da kansa.

Uwar_Lissafi:
Biyu nake da su. Ɗaya yana haɗe, ɗaya yana wani gini daban, ina musanya su duk wata. Shi ne abin da ake ce wa 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya nesa da inda kwamfutar take. Gobara ko ɓarawo ba sa bambance laftof da faifan da ke gefensa.

Bako_Mai_Tambaya:
Ba wanda ya ambaci BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa a kulle ba tare da mai su ya sani ba. In ka ɗauka daga waje da Clonezilla, ba ta iya karanta ciki, sai ta kwashe kowace sekta, hoton ya kai girman faifan kuma ba ya matsuwa. In kuma daga cikin Windows ka ɗauka, galibi hoton a buɗe yake fita, wanda ya tsinci faifan wajen ya samu komai. Don haka a sa wa hoton kalmar sirri. Mabuɗin ceto mai lamba 48 kuma a nemo shi a asusun Microsoft a rubuta a takarda, kada ya zama kwafinsa ɗaya tilo yana cikin kwamfutar da ta ƙi tashi.

Sabon_Shiga:
In kwamfutar ce gaba ɗaya ta mutu fa, ba faifan ba? Zan iya juye hoton a wata iri daban?

Mai_Gilashi:
Sau da yawa Windows 10 da 11 sukan tashi su nemi direbobinsu da kansu. In suka ƙi, Acronis na da Universal Restore, Macrium na da ReDeploy. Sai dai lasisin Windows da ya zo da kwamfuta a manne yake da madabod ɗinta, wato babban allon lantarkin da ke cikinta, wasu manhajojin ma za su ce a sake tabbatar da su. Kuma hoton da aka ɗauka a sabon tsarin tashi na UEFI ba zai tashi a tsohuwar da BIOS kawai ta sani ba sai an yi aiki a kansa.

MaiZane:
Na dawo da rahoto. Na ɗauki cikakke jiya da dare, minti 38, gigabait 140 ya koma 96. Na sa masa kalmar sirri. Na haɗa fulash a kan kwamfutar tawa kamar yadda Jiki_Magayi ya ce, na tayar, ya ga faifan ciki da na waje. Na buɗe hoton na ciro zane ɗaya, ya buɗe lafiya. Manhajar ma ta tantance ta ce babu matsala. Ya isa haka?

Tsohon_Hannu:
Madalla Malama. A wurina kin yi abin da ya kamata.

Jiki_Magayi:
A wurina da saura. Tantancewa tana nuna fayil ɗin bai lalace ba ne, ba ta nuna Windows za ta tashi daga cikinsa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In za ki samu wani faifan da ba a amfani da shi, a cire naki a sa shi, a juye, a kunna. Kada dai ki gwada a kan wanda kike aiki da shi.

MaiZane:
Ba ni da wani, kuma laftof ɗin ba na son a sake buɗe ta.

MaiLinux:
To a gwada a kwamfutar cikin kwamfuta. Ki sa VirtualBox, ki ƙirƙiri fankon faifai a ciki wanda ya kai girman naki, ki kunna EFI a saitinsa, ki tayar da shi da fayil ɗin ISO na ceto, wato madadin fulash ɗin ceto a siffar fayil, ki juye hoton a can. Ba daidai yake da ƙarfen gaske ba, amma in kika ga allon shiga ya fito, kin san fatishan ɗin tashi yana cikin hoton. Ki ce min wace manhaja kika zaɓa da girman wurin da ya rage miki, in rubuto miki matakan ɗaya bayan ɗaya.

Share_Fage:
Kafin ku shiga wannan, Malama ki rubuta lambobin lasisin nan biyu a takarda. Kin same su kuwa?

MaiZane:
Ɗaya na samu a tsohon imel. Ɗayan har yanzu ina nema.